Sawun da Ba Shi da Zane

Ana fitowa daga sujada ranar Lahadi, Mista Purvis ya tafi buɗe kantin maganinsa domin yayata Renita, sai ya tarar da gilashin ƙofar baya a fashe. Kafin in iso da karyata Biskit, rabin garin Larkin na tsaye a bakin titi cikin kayan coci, mata na fifita da takardun waƙa. Ina fitowa daga mota hira ta tsaya. Na saba da wannan. A garinmu idan abu ya ɓata, ana fara kallon ɗan baffana Tavaris, sannan a kalle ni, don ni ne na bar makaranta ban gama ba, kuma ba a ganina a coci.

Renita na zaune a dakalin kanti, ta rungume 'yarta Junie. Yarinyar shekararta uku, da ciwon zuciya aka haife ta. Ƙwayar da ake sayarwa ta manya ce, ta fi ƙarfinta, don haka Mista Purvis ke niƙa ta a ɗakin haɗinsa, ya mai da ita ruwa daidai nauyin yarinyar, ya sa mata ɗanɗanon ayaba, domin duk wani ɗanɗano tofarwa take yi. Safe da yamma take sha. Da safen nan aka ɗiga mata na ƙarshe.

"Ina kwalbar?" na ce.

"Tana ciki," in ji Renita. "Hollis ya hana kowa shiga."

Hollis Gant shi ne ɗan sandan da ke aiki ranar, ajinmu ɗaya a da. Ya kewaye ƙofar da zare mai ruwan ɗorawa, ya tsaya a gabanta yana zufa.

"Ba ni na hana ba, Odell," ya ce. "Na kira sufeton hukumar magunguna. Ya ce tunda ba a san wanda ya shiga ba, ba a san abin da ya zuba ko ya taɓa ba. Duk abin da ke ɗakin gobe za a zubar. Sai dai idan an sami mutumin, ya faɗi abin da ya taɓa, to a buɗe a ba masu takardar likita maganinsu."

"Me aka ɗauka?"

Mista Purvis ne ya amsa, yana goge tabarau. "Maganin mutanen fadama. Ka leƙa ta taga, firjin mai ƙofar gilashi ne, samansa fayau. Akwatin ƙwayoyin kashe zafi kuwa ko taɓa shi ba a yi ba."

Na san kwalaben nan. Tsofaffin da ke ƙetaren kogi, galibi ba su da mota, motar coci ke kai musu duk wata. Sai majalisar jiha ta yi sabuwar doka: maganin da aka haɗa ba a ba wani ya kai, mai shi ko wanda suke gida ɗaya ya zo kanti da kansa, da katin shaida. Dokar ta kama aiki bayan an riga an haɗa na wannan watan. Suna nan a ajiye, ba mai zuwa, kuma dama gobe sufeto zai zo ya juye su. Na Junie yana cikin aljihun ƙasa na firjin, inda ake sa na masu zuwa karɓa. Ta taga ina ganin aljihun a rufe, taku kaɗan tsakanina da shi.

Renita ta ce asibitin birni sun ce a kawo yarinyar su kwantar da ita. Tafiyar rabin yini ce, a motar da ke tafasa kafin a kai gada. Duk mun taɓa ganin yadda leɓen yarinyar ke yin shuɗi idan maganin ya wuce lokacinsa.

Aikina bin sawu. Maharbi ya harbi barewa ta gudu da rauni, sai a kira ni da Biskit mu nemo ta. Na ce wa Hollis ya bar ni in duba baya. Ya ce, "Ina bayanka, kada ka taɓa komai."

Bayan kantin tsakuwa ce, amma inda ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga akwai laka. A nan na ga sawu mai fita. Ƙarami ne, kuma sumul, ba zanen ƙasan takalmi ko ɗaya, sai 'yan tattara a gefe. Ƙafar dama ta nutse, ta hagu ta ɗan ja ƙasa.

"Leda ya ɗaura a ƙafa," in ji Hollis. "Gwani ne, ya san kan aikinsa."

"Ko kuma kaya ne suka rinjaye shi gefe guda," na ce.

Na nuna wa Biskit sawun. Ta sa hanci, ta ja ni ta lungun bayan gidan wanki, ta tsallaka filin ƙwallo, ta bi layin itatuwan da ke gefen makabarta. Ba ta yi wata-wata ba. Ta haura matakalar wani gida, ta tsaya a ƙofar kicin tana kaɗa wutsiya.

"Gidan wa ke nan?" in ji Hollis, alhali ya sani.

"Gidanmu ne. Yunwa take ji, ta dawo gida." Na fizgi igiyar. "Sakarya, aiki na sa ki."

"To mu shiga mu duba, ai ba wani abu."

Da ya faɗa da wata murya, da ƙila na buɗe masa. Amma ya faɗa yana kallon takalmana.

"Maganin 'yar yayata zan sace, Hollis? Ni?"

"Ban ce ba."

"Idonka ya ce. Je ka kawo takarda daga alƙali."

"Yau Lahadi, Odell."

"To ka jira Litinin, kamar yadda ka ce wa Junie ta jira."

Na ja karyar da ƙarfi har tana turjewa, na jefa ta a mota.

Tavaris na same shi a ƙarƙashin gada yana kamun kifi. Tun da gungume ya danne masa baya a injin katako yake ɗingishi, kuma tun daga nan ƙwaya ta kama shi. Na tsaya ina kallon sawunsa a bakin ruwa kafin in yi magana. Katon sawu ne, kuma ƙafar dama yake ja.

"Ka gama aunawa?" ya ce, bai juyo ba. "Ai na san za a turo wani. Ban ɗauka kai ba ne."

"An fasa kantin Purvis."

"Na ji. An ce ruwan maganin tsofaffi aka kwashe, aka bar akwati. Ƙanena, ka dube ni da kyau. In ni ne, akwatin zan bari?"

"Wa ya ƙetare gadar nan yau da hantsi?"

"Motoci."

"Tavaris."

"Kifi nake kallo."

"Junie ba ta da na yamma."

Sai da na faɗi haka ya juyo. Ya daɗe yana kallona, ya sosa gemu. "Allah ya ba ta lafiya. Amma ka ga, a garin nan mutum ɗaya ne idan na gaishe shi yake amsawa da sunana, ba ya dafe jaka. Ba zan ce maka na ga kowa ba."

"Wane ne?"

"Ka ce kai mai bin sawu ne. Bi mana."

Na so in tura shi ruwa. Na koma mota ina zagi.

A filin coci an shimfiɗa tebura ƙarƙashin inuwa, yau ranar cin abinci tare ce. Soyayyar tarwaɗa, burodin masara, ganye da wake, shayi mai ƙanƙara a manyan kuloli. Ɗan majalisarmu, Honarabul Strayhorn, ya zo kamar yadda yake zuwa duk shekara, ya tuɓe kwat, ya ɗaura adiko a wuya. Na tsaya a kansa.

"Ranka ya daɗe, da hannunka aka yi dokar nan."

"Kai ɗan wa ke nan?"

"Ƙanen Renita Tibbs."

"Af, mai 'yar nan. Zauna ka ci kifi." Ban zauna ba. Ya goge yatsu. "Ka ga, samari, ba don mugunta aka yi ta ba. Akwai masu haɗa magani a bayan gida, su aika wa mutane ta gidan waya, ba tsabta, ba komai. An yi asarar rayuka. Ni na zauna da iyayen da suka binne 'ya'ya."

"Purvis ba a bayan gida yake haɗawa ba."

"Na sani. Shi ya sa na kai gyara, don a ware irin motar cocinku. Yana gaban kwamiti."

"Tun yaushe?"

"Kwamiti ba ya zama sai an dawo hutu."

"To ka kira sufeto yanzu, ka ce a ba mu kwalba ɗaya. Sunanta na jiki."

Ya dubi wayarsa, ya kife ta. "In na sa baki a aikin hukuma, gobe ka ji ni a jarida, gyaran ma ya mutu. Ka yi haƙuri, a bi tsari."

Matar fasto ta miƙo mini faranti don in bar wurin. Ina jin wata tana ƙorafi a bayanta cewa shayin bana ya yi kaɗan, babbar kular nan shuɗiya ba a san wa ya ɗauke ba, kuma waken Goggo Earline ya kama ƙasan tukunya, ita da ta fita tun ana wa'azi wai za ta duba shi. Na ji maganar, amma raina a ɓace yake, ban tsaya kanta ba.

Na koma kantin. Mutane sun ragu, rana ta karkata. Junie ta yi barci a cinyar uwarta, ina ganin jijiyar wuyanta na bugawa da sauri. Renita ba ta ɗaga daga dakalin ba tun safe, wai kada sufeto ya kira a buɗe ba ta nan.

Na manna fuska a tagar ɗakin haɗi. Wannan karon ƙasa na kalla, ba firji ba. Daga ƙofa zuwa firji daɓen fari tas, ba laka, ba tsakuwa. Mutum ya fasa gilashi, ya taka tsakuwa, ya shiga, amma bai bar ko ƙwayar yashi ba. A bakin ƙofar ɗakin kuwa akwai kwali a rataye, bakinsa a buɗe, wani abu shuɗi na leƙowa.

"Mista Purvis, mene ne a kwalin can?"

"Rigar takalmi ce, ta takarda. Ba a shiga ɗakin sai an sa ta a kan takalmi."

"Ba ni ɗaya in gani."

Yana da wasu a motarsa. Na sa a ƙafa, na taka lakar bayan kanti kusa da sawun farko. Sumul, da tattara a gefe inda roba ta kama. Iri ɗaya sak.

Ashe ba leda ba ce, kuma ba don ɓoye sawu aka sa ba. Mai ɓoye sawu tun daga waje zai ɗaura. Wannan sai da ya shiga, ya isa ƙofar ɗakin haɗi, da sata a ransa da sauri a jikinsa, ya tsaya ya sa rigar takalmi don kada ya ɓata ɗakin. Ƙafarsa ce ta saba. Ya fito da kaya ya manta bai cire ba.

"Su wa ke shiga ɗakin nan?"

"Ni kaɗai, tun da na rasa mai taimako."

"Kafin nan fa?"

Ya cire tabarau ya shiga gogewa. Ba sai ya faɗa ba. Goggo Earline Mabry ta yi aiki a ɗakin nan tun zamanin mahaifinsa, ita ta koya masa wanke hannu har gwiwa. Ta bari ne da ƙugunta na hagu ya lalace. Ita ce kuma ke raka motar coci fadama, ta san kowane gida.

"Odell," in ji Mista Purvis a hankali, "ba ka ga komai ba."

Na dubi Junie. "Na gani," na ce.

Hollis ya tara mu a zauren coci da yamma, inda mata ke wanke-wanke. Ya je da kansa ya ɗauko Tavaris daga gada, ya zaunar da shi a benci. Ga Mista Purvis, don wasu sun fara cewa shi ya fasa kantinsa. Ga ni. Honarabul ma ya tsaya, kwat a kafaɗa. Ina shigowa na ga tsohuwar koriyar motar Goggo Earline a filin, tayoyinta shafe da baƙar lakar fadama, ba ta ko bushe ba. Ita kuma tana bakin famfo, ta ba mu baya, tana kankare tukunyar wake. Shuɗiyar kula na gefenta a ƙasa.

"Ɗayanku ya san wani abu," in ji Hollis. "Ni ba na son kai kowa ofis yau. Amma karya ta kai mu ƙofar gidan Odell, kuma Tavaris ba shi da shaidar inda yake."

"Kifi ne shaidata," in ji Tavaris. "Ka sake su, su yi magana."

Ba wanda ya yi dariya. Mista Purvis ya sunkuyar da kai. Tavaris ya kafe ni da ido yana girgiza kai kaɗan-kaɗan. Goggo Earline ita ta yi wa uwarmu jinya har ta rasu. Ita ta fara lura leɓen Junie ba daidai ba, tun tana jaririya. Na san idan na buɗe baki, kotu za ta je, a shekarunta. Ta ƙofa kuma ina hango Renita, da ta biyo mu har coci, tana jijjiga yarinyar, rana ta kusa faɗuwa.

"Wanda ya shiga bai zuba komai a komai ba," na ce. "Ya sa rigar takalmi kafin ya taka ɗakin. Ƙafarsa ƙarama ce, yana jan ta hagu. Ka kira sufeto ka ce masa ma'aikaciyar ɗakin ce ta dā, ya bari a buɗe." "Goggo Earline ce."

Ƙarar kankare tukunya ta tsaya. Ta kashe famfo, ta goge hannu a gyalen da ke ƙugunta, ta juyo.

"Ni ce," ta ce. "Hollis, rufe bakinka, ƙuda zai shiga. Na kai wa kowa nasa, hannu da hannu, da sanyinsa. Gilashin zan biya, Alton Purvis, ka yi haƙuri, ka canja makulli ba ka faɗa mini ba." Ta dubi Honarabul. "Kai kuma ka ci kifi ka ƙoshi? Akwai tsohon da na tarar yana raba na ƙarshensa biyu da cokali."

Honarabul ya gyara kwat.

"Goggo," na ce, "don Junie na faɗa. Nata na cikin ɗakin, sun hana."

Ta kalle ni kamar ban yi hankali ba. "Wane ɗaki? Ni yarinya ce, ban san za su rufe ɗakin ba? Nata na fara ɗauka. Yana firjin gidanku, a ƙofa, inda kuke ajiyewa kullum." Ta juya wajen Renita. "Ke ba ki koma gida ba tun safe?"

Renita ta girgiza kai.

"Na ɗauka za ku koma ku ci abinci kamar mutane." Ta sake dubana. "An ce har ƙofa karyarka ta kai ka."

"Ta kai ni."

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ta zage ni, da na fi jin daɗi. Ta tambayi Hollis ko zai bari ta ƙarasa tukunyar, ya ce ta ƙarasa. Duk muka tsaya muna kallonta tana ɗauraye ta, ta kife. Bai sa mata ankwa ba, ya buɗe mata ƙofar gaban motarsa, ya riƙe mata hannu ta shiga. Tavaris ya wuce ta gefena, bai kalle ni ba.

Kwalbar na nan inda ta ce, tsakanin madara da man shanu, sunan Junie a jiki. Renita ta auna, yarinyar ta sha, ta lashe baki ta nemi ƙari. Biskit ta kwanta a bakin ƙofar kicin, daidai inda ta tsaya da rana. Na zuba mata sauran kifin da aka ba ni, ta ƙi ci sai da na bar wurin.

Washegari sufeto ya zo, ya zubar da abin da ya rage, ya sa aka wanke ɗakin da dama a wanke yake. An ba da belin Goggo Earline, tana jiran ranar kotu, an hana ta matsawa kusa da kantin. Na je gidanta sau da yawa, tana amsa gaisuwa da sunana, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Gyaran Honarabul har yanzu yana gaban kwamiti. Kwalaben fadama kuwa na wata ɗaya ne, kuma watan ya raba.

Ranar da aka tafi da Goggo Earline, matar fasto ta ce in ɗauki shuɗiyar kular in mayar ɗakin ajiya. Na ɗauka, na sa a bayan motata. Har yau tana nan, ban mayar ba.